Zanen Turawa na matan Gabas masu rawa: tarihi ne ko shaci-faɗi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kuma ina yawan cin karo da wasu tsofaffin zane-zane a Facebook da Instagram: mace tana rawa cibiya a waje a gaban maza masu rawani, ko mata kwance a kan darduma da shisha a gefensu, an rubuta a ƙasa wai 'rayuwar matan Larabawa a da'. Zanen ya yi kyau har kamar hoton kyamara. Ƙawata ta ce ƙarya ce zalla ta Turawan mulkin mallaka, ni kuma na ce ai ba a zana abin da ba a gani ba. Don Allah wace ce ta fi gaskiya a cikinmu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko za a iya ɗaukar waɗannan zane-zane a matsayin shaida kan yadda matan Masar da Aljeriya da Turkiyya suka rayu. Ƙawarki ta fi ki kusa da gaskiya, amma ba ta cinye gardamar duka ba. Bango da tayil da darduma da bindigar da ke rataye a cikin zanen, yawancinsu an gan su da ido, an kuma kwaikwaye su da ƙwarewa. Matar da ke tsakiya ce aka ƙera a birnin Paris. Kyan tayil ɗin nan kuwa shi ke sa mai kallo ya yarda da matar ba tare da ya tambaya ba.

Irin wannan zane shi ake kira zanen mustashriƙai, kalmar da kika saba ji a bakin malamanmu idan suna maganar Turawan da suka yi nazarin Musulunci da Larabci. Kasuwarsa ta buɗe sosai bayan Napoleon ya shiga Masar da yaƙi a 1798, ta ƙara bunƙasa bayan Faransa ta kama birnin Aljiyas a 1830. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 masu zane na Faransa da Ingila da sauran ƙasashen Turai suka yi ta fitar da hamada da raƙuma da masallatai da kasuwanni. Amma abin da ya fi shiga kasuwa shi ne mace: ko tana cikin gida, ko tana gidan wanka, ko tana rawa.

Ƙofar da ba a shiga

Ke Bahaushiya ce, don haka ba sai na wahala wajen bayyana miki matsalar farko ba. Baƙo namiji iyakarsa zaure. A wasu gidajen ma har rubutawa ake yi a jikin bango: ba a shiga. To haka abin yake a Alƙahira da Aljiyas da Istanbul na wancan zamani. Kalmar harim da Turawa suka mayar ta zama sunan ɗakin holewa, asalinta ɗaya da haram da harami, wato wurin da aka killace, kuma ma'anarta cikin gida ne kawai: uwa, kaka, kishiyoyi, yara, 'yan aiki. Bature namiji, Kirista, baƙo, ta ina zai bi ya shiga?

Duba Ingres, mai zane Bafaranshe. Shi ne ya zana shahararriyar matar nan da ke kishingiɗe ta juya baya tana waiwaye, da mafici na gashin ɗawisu a hannunta, a 1814. Ƙanwar Napoleon, Caroline, sarauniyar Naples, ita ta sa aka yi aikin. Ingres bai taɓa taka ƙasar Musulmi ba. Iyakar tafiyarsa Italiya. Ya sa wa zanen sunan odalisk, daga kalmar Turkanci odalik, wadda ke nufin kuyangar da ke hidimar ɗaki. Tun a lokacin masu sukar zane suka lura cewa gadon bayan matar ya yi tsawon da babu 'yar Adam mai irinsa, har suka ce ya ƙara mata ƙasusuwa uku. Da ya kai shekara 82, a 1862, ya kammala zanen gidan wankan Turkawa: mata fiye da ashirin tsirara, cunkushe a cikin da'ira kamar mai leƙe ta kafar makulli, ɗaya na kaɗa garaya irin tasu, wata na rawa a can baya.

Abin da ya sa nake son wannan misali shi ne mun san inda ya samo labarin. Ya kwafi wani yanki na wasiƙun Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, kada a kai ni Sakkwato), wadda ta shiga gidan wankan mata a birnin Sofiya a 1717. Ita mace ce, an bar ta ta shiga. Ta ce ta tarar da mata kusan ɗari biyu, kuma ta jaddada cewa ba ta ga ko murmushin batsa ko wani motsi na rashin kunya a tsakaninsu ba. Ta kwatanta wurin da gidan shan gahawa na mata, inda ake jin labarin gari. Har ta ce da suka ga matsattsiyar rigar ciki mai ƙarfi da matan Ingila ke ɗaurawa, sai suka zaci mijinta ne ya kulle ta a ciki, suka tausaya mata. Ingres ya karanta wannan duka. Ya ɗauki tsiraicin, ya zubar da hirar da mutuncin.

Delacroix, wani mai zanen Bafaranshe, ya ɗan fi shi hujja. Ya bi tawagar jakadancin Faransa zuwa Maroko a 1832, a hanyar komawa ya yi kwana uku a Aljiyas. Labarin da ake bayarwa shi ne wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa ya nema masa izinin shiga wani gida. Daga 'yan zane-zanen gaggawa da ya yi ya fitar da "Matan Aljiyas a Ɗakinsu" a 1834, a Paris. Na tsaya a gabansa a gidan tarihi na Louvre, kuma ba zan ɓoye miki ba, launinsa ya kama ni: jan da ruwan zinare da hasken da ke faɗowa a kan fuskar matar da ke gefe. Mata uku ne zaune da tufafinsu, shisha a gabansu, silifas yashe a ƙasa, sai wata baƙar mace a tsaye tana juyawa za ta fita. Amma ki tuna shekarar da ya shiga gidan, 1832. Shekara biyu ke nan da sojan Faransa ya ci garin da yaƙi. Ƙofar da ta buɗe wa Delacroix ƙofar mutanen da aka ci ce. A Maroko, inda Faransa ba ta da iko tukuna, matan Yahudawan Tanja ya fi samu ya zana, kuma rawar da ya zana daga can rawar bikin auren Yahudawa ce.

Alima da gaziya

Yanzu ga batun rawar. Ina kyautata zaton zanen da kika gani na Jean-Léon Gérôme ne, "Rawar Alma", na 1863, wanda yanzu yake gidan zane na birnin Dayton a Amurka. Shi ya fi yawo a intanet. Mace ta karkatar da kai baya, hannaye a sama da 'yan ƙananan faranta na tagulla a yatsu, riga shara-shara, ciki a buɗe. Makaɗa na gefe, sojojin haya na zaune sun zuba mata ido, bindigogi na rataye a bango.

Sunan zanen kansa kuskure ne, kuma kuskuren ya fi kowane abu tona asiri. Alma daga alima aka samo shi, jam'insa awalim, tushensa ɗaya da ilimi da malami. A Masar, alima mace ce da ta ƙware a waƙa da haddar baitoci da kiɗa, zabiya ce ta manyan gidaje. A cikin gida take waƙa, gaban mata. Idan maigida da baƙinsa na son ji, tana zaune a bayan tagar katako mai huji-huji, su suna tsakar gida, suna jin murya ba sa ganin fuska. Masu rawa a titi da ƙofar gidan biki ba lulluɓi wasu ne daban, su ake kira gawazi, ɗaya gaziya. Edward William Lane, Baturen Ingila da ya zauna a Alƙahira ya kuma iya Larabci, ya bambance su sarai a littafinsa kan al'adun Misirawa na 1836. Ke nan ba a rasa bayanin a Turai ba. Matafiya da masu zane ne suka yi musu kuɗin goro, duk macen da ta motsa ƙugu suka ce alma ce.

Akwai kuma abin da ya taimaka wajen cakuɗa su. A 1834 Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar, ya hana mata rawa a bainar jama'a a Alƙahira, tare da hana karuwanci. Lane ya ce bulala hamsin ce hukuncin farko. Kafin nan sana'a ce da hukuma ke karɓar haraji a kanta. Da yawa daga cikinsu suka koma garuruwan kudu irin su Isna da Ƙina da Luksor, a Alƙahira kuwa maza masu shigar mata, da ake kira khawal, suka cike gurbin. Macen da aka raba da garinta da iyayen gidanta, wa ya rage mata? Masu yawon buɗe ido da ke hawa kogin Nilu da kuɗi a aljihu. A Isna ne marubucin Faransa Gustave Flaubert ya sadu da wata mai rawa, Kuchuk Hanem, a 1850, ya biya ta ta yi masa rawa, ya kwana a gidanta, ya rubuta komai filla-filla. Daga baya ya rubuta wa masoyiyarsa a wasiƙa cewa macen Gabas inji ce kawai, ba ta bambance namiji da namiji. Daga mace ɗaya da ya biya, a garin da aka koro ta, ya yanke wa matan nahiya guda hukunci. Masani Bafalasɗine Edward Said, a littafinsa na 1978 kan istishraƙi, wato aikin mustashriƙai, ya tsaya a kan wannan haɗuwa: ita ba ta taɓa faɗin komai game da kanta ba, shi ne ya yi magana a madadinta.

Don haka a nan ƙawarki ta ɗan zarce. Masu rawar sun wanzu, mutane ne masu sana'a da iyali da haraji da wahala. A Aljeriya ma haka: matan ƙabilar Aulad Nayil suna saukowa garuruwa irin su Biskra da Bu Sa'ada su yi rawa, su tara dukiyarsu a jikinsu cikin sarƙoƙin tsabar zinariya da azurfa. Mulkin Faransa ya killace su a unguwanni na musamman, ya yi musu rajista tare da karuwai, ya mai da su abin kallon soja da baƙi. Ƙaryar tana wajen ɗaukar wannan mace guda, a cire mata tarihinta, a ce ga matar Musulmi.

Ko sunan "rawar ciki" da duniya ta sani yau, masu bincike sun bi sawunsa zuwa sharhin da aka yi wa wannan zane na Gérôme a Paris a 1864. Misirawa raƙs baladi suke cewa, rawar gida, daga baya raƙs sharƙi. Baje-kolin duniya na Paris a 1889 da na Shikago a 1893, inda aka gina "titin Alƙahira" na jabu aka kawo masu rawa, su suka ƙarasa watsa sunan.

Me ya sa suka nace a kan mace?

Dalili na farko kuɗi ne, kuma ɗalibaina kan raina shi don ba shi da armashi. Gérôme ya auri 'yar Adolphe Goupil, babban dillalin zane na Paris, a 1863, shekarar da ya yi zanen nan. Kamfanin surukinsa na buga kwafin ayyukansa ana sayarwa har Amurka. Abin nema ya samu.

Na biyu, a Paris ta lokacin ba a yarda ka zana maƙwabciyarka tsirara ka rataye a baje-kolin gwamnati ba, sai ka ce wata allahiyar Girkawa ce ko kuwa baiwar wani sarkin Gabas. Da mai zane Manet ya nuna mace 'yar Paris tsirara tana kallon mutane ido cikin ido a 1865, gari ya ɗauka da zagi. Gérôme kuwa lambobin yabo ya yi ta karɓa. Rawani da shisha su ne lasisin: attajiri ya kalli abin da ransa ke so, sannan ya girgiza kai ya ce kai, mutanen can ba su da tarbiyya.

Na ukun shi ne siyasa, kuma a nan nake so ki yi taka-tsantsan. Ba gwamnati ce ta kira masu zane ta ba su umarni ba. Lokacin da Gérôme ya fara zuwa Masar a 1856, Ingila ba ta mamaye ta ba, sai 1882. Amma idan mutum ya shekara hamsin yana ganin ƙasa a siffar mace mai kasala da ke kulle tana jiran mai ceto, da maza masu zaman banza da bindiga, ranar da aka ce masa za a je a wayar musu da kai ba zai yi musu ba. Lord Cromer, wanda ya juya Masar daga 1883 zuwa 1907, ya yi ta sukar lulluɓi da kulle a matsayin shaidar ci-bayan Musulmi. Da ya koma gida shi ya jagoranci ƙungiyar maza masu adawa da bai wa matan Ingila damar jefa ƙuri'a. A watan Mayun 1958, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, an tara matan Aljeriya a dandali a Aljiyas ana cire musu mayafi a gaban kyamara. Tsakanin zanen Delacroix da wannan dandali akwai dubban katunan gidan waya na hotunan matan Aljeriya ƙirji a buɗe, waɗanda aka ɗauka a shagon mai hoto da matan da aka biya. Marubuci ɗan Aljeriya Malek Alloula ya tattara su ya yi musu fiɗa a littafinsa na 1981.

Akwai wata mace da ake yawan tsallakewa a wannan muhawara, ita ce baƙar da ke tsaye a gefe: mai riƙe tawul, mai cuɗa baya, mai ɗaga labule. Masu zane na sa ta ne don hasken fatar ɗayar ya ƙara fitowa. Amma bautar da ta kai irinta can gaskiya ce, kuma wasu hanyoyin sun taso ne daga Borno da ƙasar Hausa suka ratsa Sahara zuwa Fezzan da Tarabulus. Duk wanda ya ce zanen ƙarya ne ɗungurungum, ya share ta ita ma.

Yadda nake koyar da su

A aji nakan haska zanen Gérôme a bango, in sa takarda in rufe matar, in ce a faɗa mini abin da ya rage. Sai a lissafa: bango, fitila, bindiga, tufafin soja. Waɗannan za ki iya amfani da su, da hattara, wajen sanin kayan zamanin, ko da yake Gérôme kan haɗa tayil na Istanbul da tufar Masar a ɗaki guda. Sai in cire takardar in tambaya: ina mai zanen yake tsaye, wa ya ba shi izinin tsayawa a nan? Sannan me ya ɓace? Masaniyar tarihin zane Linda Nochlin ta nuna a 1983 cewa a irin waɗannan zane-zane ba ka ganin Bature ko ɗaya, ba ka ganin aiki, ba ka ganin alamar zamani na tafiya. Wata shekara, kafin in kai ga faɗin haka, wata ɗaliba daga bayan aji ta ɗaga hannu a kan zanen harim ta ce, "Malam, wai gidan nan ba yara ne?" Aji ya fashe da dariya, amma ta gama darasin. Cikin gidan da ba kukan jariri, ba tsohuwa mai faɗa, ba shanya, ba tukunya a wuta, wanda ya zana shi bai taɓa wuni a cikinsa ba.

Daga nan sai in nuna musu abin da aka samu daga waɗanda suka shiga. Henriette Browne, Bafaranshiya, ta ziyarci gidaje a Istanbul, ta nuna zanenta a Paris a 1861: mata cikin dogayen riguna suna gaisawa da baƙi, ga yarinya a tare da su, ɗaki fayau ba tarkace. Osman Hamdi Bey, Baturke da ya koyi zane a Paris da salon su Gérôme ɗin, ya zana budurwa a zaune gaban Alƙur'ani tana karatu a 1880. Irin wannan bambanci mun gan shi a gida: lokacin da masanin al'adu M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau, matarsa Mary ce ta iya zama da wata dattijuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, a 1949 da 1950 ta rubuta rayuwarta daga bakinta.

Sai dai ba na son ki fita da tunanin cewa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. John Frederick Lewis ya zauna a Alƙahira shekara goma, daga 1841 zuwa 1851, matansa na zane a suturce suke. Étienne Dinet, Bafaranshe, ya zauna a Bu Sa'ada, ya musulunta ya zama Nasiruddin, ya yi aikin hajji a 1929, a can Bu Sa'ada aka binne shi, Aljeriyawa da yawa na ƙaunarsa. Amma shi ma ya zana 'yan matan Aulad Nayil tsirara a bakin rafi. Ina za ki ajiye shi? Masana irin su John MacKenzie sun soki Said da mabiyansa cewa sun mai da kowane burushi bindiga, kuma akwai ƙamshin gaskiya a sukar. Yau ma manyan masu sayen waɗannan zane-zane sun haɗa da attajirai da gidajen tarihi na Masar da Ƙatar da Malesiya, suna neman siffar titunan kakanninsu. Ko rigar rawar nan mai ƙyalli, ta sama daban ta ƙasa daban, ta kafu ne a gidajen rawa na Alƙahira irin na Badi'a Masabni da ta buɗe a 1926, da tasirin abin da Turawa da finafinan Amurka suka riga suka saba tsammani. Hoton da baƙo ya ƙirƙira ya dawo gida an ɗinka shi.

Ni fagena tarihin zane ne. Hukuncin rawa ko na zana mai rai, wannan na malaman fiƙihu ne, ba zan tsoma baki ba. Kuma zane, komai ƙwarewar mai karanta shi, ba zai ba ki muryar Kuchuk Hanem ba. Abin da zai ba ki shi ne abin da mai kallonta ya so ya gani.

Hattarar da nake cewa ki yi ba ta tsufa ba. A zaɓen majalisar Turai na 2019, jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi a Jamus ta buga zanen Gérôme na kasuwar bayi a allunan kamfe a Berlin, maza masu rawani na duba haƙoran mace tsirara, don tsorata masu zaɓe da Musulmi. Gidan zanen Clark da ke Amurka, mai riƙe da asalin zanen, ya fito ya yi tir. Saboda haka idan za ki sake tura wancan hoton na mai rawa, ki goge "rayuwar matan Larabawa a da", ki rubuta a ƙarƙashinsa: Jean-Léon Gérôme, Bafaranshe, an zana a Paris, 1863. Ki gaida ƙawar taki.